Daga Lome Zuwa Ruwan Wli: Yini Guda a Kan Iyakar da Ta Raba Tsohuwar Togo

Akwai wata tafiya ta yini guda da masu kai baƙi yawon buɗe ido suke shiryawa daga birnin Lome. Akan yi sammako tun da asuba, a nufi arewa maso yamma, a ci kilomita 120 zuwa garin Kpalime, wanda tsofaffin takardu suke rubutawa Palime. Daga nan a hau duwatsu a ga kufan barikin Jamusawa, a gangara shingen iyaka, a shiga Ghana, a isa magangarar ruwa ta Wli kafin la'asar, sannan a juyo gida da dare. Mai tafiya yakan dawo da hotuna da gajiya, da hatimi a fasfo. Abin da ba kowa yake dawowa da shi ba shi ne sanin cewa duk ƙasar da ya taka tun safe har yamma, a wannan gefe da wancan, ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin tuta ɗaya kafin shekarar 1914, kuma fataken Hausawa sun san hanyoyinta tun ba a kafa shingen da ya tsaya a gabansa ba.

Labarin ya faro ne daga bakin teku. A watan Yulin 1884 wani wakilin Jamus mai suna Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniya da wakilan sarkin wani gari da ake kira Togo, wanda yake bakin tafki, kuma daga sunan garin nan ƙasar ta samo nata. A 1897 Jamusawa suka mayar da hedkwatarsu Lome. A yamma da su akwai Turawan Ingila a Gold Coast, a gabas kuma Faransawa a Dahomey, saboda haka rabonsu ya zama siririyar ƙasa mai ƙunci a bakin ruwa, mai faɗaɗa idan an yi arewa. Garuruwan Ho da Kpando da Hohoe da Kete Krachi da Yendi, waɗanda yau duk suna cikin Ghana, a lokacin nan na Jamus ne.

Titin da motar baƙi take bi daga Lome yana tafiya ne kusa da tsohon layin dogo da Jamusawa suka buɗe a 1907. Layin koko ake ce masa, domin aikinsa shi ne kwaso amfanin gonakin duwatsu zuwa bakin teku. Shi ya ɗaukaka Kpalime daga mahaɗar hanyoyi zuwa babbar kasuwa. Idan an kusa garin za a hango dutsen Agou a hannun dama, wanda tsawonsa ya kai mita 986, babu wanda ya fi shi tsawo a Togo. A cikin gari ɗan jagora yakan tsaya da baƙi a gaban babbar majami'ar da aka gina a zamanin Jamus, ya zagaya da su wurin masu sassaƙa da masaƙa, ya saya musu ayaba da abarba a bakin hanya.

Daga Kpalime hanya takan yi ta murɗewa tana hawa har Misahohe, barikin da Jamusawa suka kafa a 1890 a kan mashigar dutse, inda suke iya ganin duk wanda ya fito daga arewa zai sauka teku. Abin da ya rage yau shi ne ragowar gine-gine, da manyan itatuwa, da wata ƙaramar maƙabarta ta Turawan da suka mutu a can, akasarinsu matasa. 'Yan jagora da yawa sukan yabi Jamusawa a nan, su ce ginin Bajamushe ba ya tsagewa, titinsa ba ya zaizayewa. Gaskiya ne sun yi aiki mai ƙarko, amma ya kamata a tambayi wanda ya ɗauki dutsen a ka. Da aikin tilas aka yi hanyoyin nan. An ɗora wa kowane baligi aikin gwamnati na kwana 12 a shekara a matsayin haraji, bulala 25 kuwa ta zama hukuncin yau da kullum, har tsofaffi suka daɗe suna ba da labarin cewa ta ƙarshe ta Kaisa ce, wato sarkin Jamus.

A nan ne kuma ya dace a faɗi abin da 'yan jagora suka cika tsallakewa. Mashigar da Jamusawa suka tsare tsohuwar hanyar fatauci ce. Shekaru aru-aru ayarin Hausawa suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ratsa Borgu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, su sayar da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su ɗauko goron Asante. Kowane ayari da madugunsa, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da masauki. Da Ingila ta ci Kumasi a 1874 sai kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya tarwatsa ta. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarta suka gangaro Kete Krachi a bakin kogin Volta, daga can kuma hanya ta miƙe kudu ta Kpando da Kpalime har Lome. Jamusawa suna son cinikin nan ya biyo ta tasharsu maimakon ta Ingila, don haka suka ƙyale baƙin 'yan kasuwa suka zauna. Yawancin zangunan garuruwan wannan hanya a wannan zamani suka kafu ko suka cika.

Cikin waɗanda suka baro Salaga akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma marubuci da Hausa da Larabci, wanda ya zama limamin Kete Krachi har ya rasu a 1934. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ya yi karatun Hausa a wurinsa, ya karɓi rubuce-rubucensa masu yawa a kan tarihi da al'adun ƙasar Hausa, kuma Mischlich ɗin nan shi ne ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Ke nan wani kaso mai tsoka na abin da duniya ta karanta game da Hausawan ƙarni na 19 a ƙasar Togo ta Jamus aka rubuta shi. Tsohon garin Kete Krachi kuwa yana ƙarƙashin ruwa yanzu, tun da aka datse Volta a Akosombo a shekarun 1960 aka tashi mutanensa zuwa tudu.

Mulkin Jamus ya ƙare cikin mako uku. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914, sojojin Ingila suka shigo daga yamma, na Faransa daga gabas, suna neman babbar tashar wayar iska ta Kamina kusa da Atakpame, wadda take haɗa Berlin da sauran ƙasashen Jamus na Afirka da jiragenta na teku. Jamusawa suka rusa tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta. Wani sojan rundunar Gold Coast mai suna Alhaji Grunshi shi ake lissafawa a matsayin sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a yaƙin gaba ɗaya. Rundunar tasa daga 'yan sandan da ake kira Hausa ta samo asali, su ma Jamusawa da Hausawa suka fara kafa tasu rundunar, saboda haka a fagen nan an ji Hausa ta ɓangarorin biyu.

Bayan nasara sai rabon ganima. Da farko Ingila ce ta riƙe Lome da Kpalime da layin dogon da ya haɗa su. A 1919 ƙasashen biyu suka sake zama suka ja sabon layi, a 1920 Ingila ta miƙa wa Faransa garuruwan nan biyu, ta riƙe Ho da Kpando da Hohoe da Yendi. Faransa ta tashi da kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar. Mutumin Kpalime da aka haifa a 1900 ya ga tuta uku kafin ya cika shekara 21, bai kuwa gusa daga ƙofar gidansu ba. Layin ya bi ta kan duwatsu, ya raba al'ummar Ewe, ya bar manomi a gefe guda gonarsa a ɗaya gefen, ya raba manoman kokon Hohoe da tashar jirgin Kpalime da suka saba kai kaya.

Mutanen Ewe ba su yi shiru ba. A 1947 Sylvanus Olympio, wanda daga baya ya zama shugaban Togo na farko, ya je gaban Majalisar Ɗinkin Duniya yana neman a haɗa su wuri ɗaya. Da Gold Coast ta kusa samun 'yanci, Majalisar ta shirya ƙuri'ar raba gardama a yankin da Ingila take riƙo, ranar 9 ga Mayun 1956. Kashi 58 cikin ɗari suka zaɓi haɗewa da Gold Coast. Arewa ce ta rinjayar da ƙuri'ar, domin Dagwamba suna son Yendi, mazaunin sarkinsu, ta zauna ƙasa ɗaya da sauran garuruwansu, bayan rabuwar da Turawa suka yi musu a 1899. A gundumomin Ho da Kpando kuwa, wato ƙasar da Wli take ciki, mafi yawa sun ƙi. Aka bi jimilla. Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957 tare da yankin, Togo ta samu nata ranar 27 ga Afrilun 1960 ba tare da shi ba. Layin da Turawa biyu suka ja a 1919 ya zama iyakar ƙasashe biyu masu cin gashin kansu.

Wannan layi shi ne mai tafiya yake tsallakewa da rana tsaka. A gefe guda jandarma ne da Faransanci da sefa, a ɗaya gefen jami'in shige da fice ne da Ingilishi da sidi. Amma matar da take sayar da gasasshiyar ayaba a nan da wadda take sayarwa a can yare ɗaya suke yi, wataƙila ma dangi ne. Ɗan jagora nagari a nan yake nuna amfaninsa: ya san ofishin da za a fara shiga, ya san lokacin da ake rufe shinge, ya san inda za a canza kuɗi ba a cuci baƙo ba. Aikin jagaba ne na dā ya dawo da sabuwar riga. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Daga ƙauyen Wli, mai nisan kimanin kilomita 20 daga Hohoe, da ƙafa ake ƙarasawa. Tafiyar ba ta kai sa'a guda ba, cikin inuwar kurmi da gonakin koko, ana tsallaka rafi ɗaya sau da yawa a kan ƙananan gadoji. Tun ba a iso ba ake jin rurin ruwan. Yana zubowa ne daga tsayin kimanin mita 80, fesowarsa tana jiƙa tufafin wanda ya tsaya nesa, dubban jemagu kuma suna rataye a jikin dutsen. Babu magangarar da ta fi ta tsawo a Ghana. Rafin sunansa Agumatsa, kuma daga tudun Togo yake fitowa. Mutanen wancan gefe da sunan ƙauyensu Yikpa suke kiran magangarar, suna kuma kai nasu baƙin su gan ta ta bayan dutse.

Ga mutanen zango, wannan iyaka ta wuce zancen hatimi a fasfo. Kakanninsu sun zo lokacin da abin da ake tambayar baƙo shi ne sunan mai masaukinsa. Da ƙasashe suka tsaya da ƙafafunsu sai aka fara tambayar takardar zama. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda wa'adin mako biyu su bar Ghana, dubban ɗaruruwa suka fita, cikinsu har da waɗanda a can aka binne cibiyarsu, ba su san wani gida ba. A 1977 aka rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar birni aka mayar da mutanensa bayan gari. A 1983 Najeriya ta kori nata baƙin, 'yan Ghana suka yi cincirindo a shingen Aflao, a gefen Lome, suna jiran a buɗe musu ƙofar ƙasarsu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, amma ko ita ba ta hana a rufe iyakar nan kusan shekara biyu ba lokacin annobar korona, ga shi kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Sauƙin wucewar da muke gani yau abu ne da aka samu da yarjejeniya, kuma abin da aka samu da yarjejeniya ana iya rasa shi.

Saboda haka wanda Allah ya nufa da wannan tafiya, ya riƙe fasfonsa da katin rigakafin shawara, ya tanadi sefa da sidi, ya sa takalmin da ba ya santsi, ya kuma tambayi lokacin rufe shinge tun kafin ya tsallaka. Ruwan ya fi cika da damina, hanya kuwa ta fi daɗi da rani. Idan an isa Kpalime ko Hohoe, ya roƙi ɗan jagora ya karkata da motar zuwa zango ko da na rabin sa'a ne, ya yi sallar azahar a can, ya gaida dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci, ya tambaye su daga ina kakanninsu suka taso, da wace hanya suka biyo. Wannan ɓangaren tarihin ba a rubuta shi a allon kowace maƙabarta ba, a bakin mutanen nan yake, kuma masu riƙe da shi suna ta raguwa.