Lasisin Bindiga: Daga Dokar 1959 Zuwa Dazukan Zamfara

Dokar da ake bi wajen mallakar bindiga a Najeriya ta girmi 'yancin kan ƙasar, domin tun 1959 Turawan mulki suka kafa ta. Ta kasa bindigogi gida uku. Irin na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta irin mai baki biyu, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Bindigar toka kuwa, wadda maharbi ke ɗura wa albarushi ta baki ya danna da sanda, ta kwamishinan 'yan sanda ce. A wancan zamani abin ya wadatar, tunda abokin gabar manomi gwanki ne da biri.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya fara ɓata lissafin. Makamai suka watsu a hannun jama'a, fashi ya yi ƙamari, har gwamnatin Gowon ta koma harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Legas. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai a 2006, amma da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 aka fasa rumbunan Libya, kaya suka yi ta gangarowa ta hamada. Ta ruwa ma ana shigowa da su: a Janairun 2017 jami'an kwastan suka kama bindigogi 661 a Legas.

Mafi ciwo shi ne ɓarakar cikin gida. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce bindigogi 178,459 sun yi ɓatan dabo a hannun 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ko ina suka nufa? Ai ba sai an faɗa ba.

A Yunin 2022, da kashe-kashe suka ishi Zamfara, Gwamna Bello Matawalle ya ce talakawa su nemi lasisi su kare kansu, za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Nan take kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce an dakatar da ba da lasisi, shugaban hafsoshin tsaro kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Raba wa kowa bindiga ba magani ba ne, wannan gaskiya ne. Sai dai doka ta kama mai bin ta ne kawai: ɗan sa-kai na fita da bindigar maƙera, ɗan bindiga na jiransa a daji da AK-47 wadda bai taɓa cike mata fom ba.