Tsarin inganta makaranta

Tsarin inganta makaranta rubutaccen shiri ne da makaranta ke yi wa kanta domin gano wuraren da take da rauni, ta zaɓi waɗanda za ta fara gyarawa, ta raba aikin ga mutane, sannan ta auna sakamakon kafin ta shiga zagaye na gaba. A wasu ƙasashe ana kiransa tsarin bunƙasa makaranta. Abin da ya bambanta shi da kasafin kuɗi ko jadawalin karatu shi ne ba a gama shi: binciken da aka yi a ƙarshen shekara shi ne tushen shirin shekara mai zuwa. Makarantun sakandare na ƙasa da ƙasa sun fi ba shi muhimmanci, saboda ƙungiyoyin da ke tantance su ba sa ba da shaida sai sun ga shirin da kuma hujjar cewa ana aiki da shi. A Najeriya makarantun gwamnati ma suna yinsa, musamman a jihohi irin su Kaduna, Kano da Jigawa.

Asali

Tunanin gyara a kai a kai ya faro ne daga masana'antu. Walter Shewhart, masanin ƙididdiga a kamfanin Bell na Amurka, ya bayyana sarrafa kaya a matsayin zagaye mai komawa farkonsa a wani littafi da ya fitar a 1939. W. Edwards Deming ya kai wannan tunani Japan a 1950, inda ya yi wa injiniyoyi da shugabannin kamfanoni laccoci. Daga nan aka samu abin da ake kira da'irar Deming mai matakai huɗu: a tsara, a aiwatar, a duba, a gyara. Kamfanoni irin su Toyota sun gina aikinsu a kan kaizen, kalmar Japananci mai nufin sauyi zuwa ga abin da ya fi, wato ƙananan gyare-gyare da kowane ma'aikaci ke sa hannu a ciki. Littafin Masaaki Imai na 1986 ya yaɗa kalmar a duniya.

A fagen ilimi, Ingila na cikin ƙasashen da suka fara mayar da shi al'ada. Dokar gyaran ilimi ta 1988 ta miƙa wa makarantu ikon sarrafa kuɗinsu, don haka ya zama dole kowace makaranta ta san abin da za ta sa a gaba. David Hargreaves da David Hopkins sun wallafa littafi kan wannan a 1991, sannan a 1992 aka kafa Ofsted, hukumar da ke duba makarantu a Ingila. Makarantun da ke bin manhajar Birtaniya a ƙasashen waje sun ɗauki salon daga can.

Matakan tsarin

Mataki na farko shi ne makaranta ta duba kanta. Ana tattara sakamakon jarrabawa na shekaru da dama, darasi bayan darasi, da rajistar halartar ɗalibai da malamai, da rahoton shiga aji da shugabanni ke yi don ganin yadda ake koyarwa, da littattafan aikin ɗalibai, da ra'ayin iyaye. Rahoton manyan masu maki da hukumar WAEC ke fitarwa bayan jarrabawa yana taimakawa a nan, domin yana nuna irin tambayoyin da ɗalibai suka fi faɗuwa a kowane darasi.

Mataki na biyu shi ne zaɓe. Binciken yakan fito da matsaloli da yawa, amma masana sun fi ba da shawarar a tsaya kan uku zuwa biyar. Shirin da ya lissafa komai yakan ƙare ba a yi ko ɗaya ba.

Mataki na uku shi ne rubuta shirin aiki. Galibi jadawali ne da ke nuna, ga kowane buri, aikin da za a yi, wanda zai yi shi, lokacin gamawa, kuɗin da zai ci, da alamar da za a gane an yi nasara. Idan aka ce "a inganta lissafi" kawai, babu mai iya auna shi. Idan aka ce malaman lissafi na aji huɗu za su riƙa zama sau ɗaya a mako suna duba aikin ɗalibai, kuma za a kwatanta makin gwajin zango na ɗaya da na zango na uku, to an sami abin da za a bibiya.

Mataki na huɗu shi ne aiwatarwa da sa ido, wanda a Najeriya yakan bi zango uku na shekarar karatu. Na biyar shi ne bitar ƙarshen shekara: abin da ya yi aiki a ci gaba da shi, wanda bai yi ba a sauya ko a bari. Makarantu da yawa suna da babban shiri na shekara uku zuwa biyar, sannan su ciro na shekara ɗaya daga cikinsa.

Shugaban makaranta ne ke jagorantar aikin, amma kwamitin yakan haɗa da mataimakansa, shugabannin sassa, wakilin hukumar gudanarwa, iyaye, wani lokaci har da ɗalibai.

A makarantun ƙasa da ƙasa

Makarantar ƙasa da ƙasa ita ce wadda ke koyar da manhajar wata ƙasa ko manhajar da ba ta ƙasa ɗaya ba. Waɗanda aka fi sani su ne manhajar Cambridge, wadda aka fara zana jarrabawarta ta IGCSE a 1988, da International Baccalaureate da aka kafa a Geneva a 1968, da kuma tsarin Amurka.

Akwai bambanci tsakanin rajista da hukumar jarrabawa da kuma tantance makaranta baki ɗaya. Rajista tana ba makaranta izinin koyar da manhaja da shirya jarrabawa. Tantancewa kuwa tana duba shugabanci, koyarwa, kare lafiyar yara, gine-gine da kuɗi. Daga cikin masu yin ta akwai Council of International Schools mai hedikwata a Leiden ta ƙasar Holan, da Cognia da Middle States Association a Amurka, da COBIS mai kula da makarantun Birtaniya na ƙetare. Hanyarsu kusan ɗaya ce: makaranta ta rubuta rahoton duba kanta, tawagar malamai daga wasu makarantu ta zo ta tabbatar, sannan a ba da shawarwarin da dole su shiga shirin makarantar. Council of International Schools da International Baccalaureate suna maimaita babban bincikensu duk bayan shekara biyar.

A Najeriya, kalmar "International" da ke jikin allon makaranta ba ta nufin wata ƙungiyar waje ta tantance ta. Ƙungiyoyin tantancewa suna wallafa sunayen makarantunsu a shafukansu na intanet, kuma a nan ne iyaye ke iya tabbatarwa.

A Najeriya

Gwamnatin tarayya ta sauya tsohon tsarin sufeto mai zuwa ya kama laifi zuwa abin da ake kira tabbatar da inganci, inda makaranta ke fara duba kanta kafin jami'ai su zo daga waje. Majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da kafa kwamitocin gudanar da makarantu, waɗanda aka fi sani da SBMC, a tsakiyar shekarun 2000. Kwamitin ya ƙunshi shugaban makaranta, malamai, iyaye, masu unguwa, malaman addini, mata da ɗalibai, kuma shi ke da alhakin sa hannu a shirin bunƙasa makaranta.

Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017, ya yi aiki a jihohi shida: Enugu, Jigawa, Kaduna, Kano, Kwara da Legas. Ya horar da shugabannin makarantun firamare yadda za su duba makarantunsu su rubuta shirin shekara. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na ilimin 'yan mata matasa da dala miliyan 500, kuma Kaduna na cikin jihohi bakwai da aka fara da su. A ƙarƙashinsa ana ba makarantun sakandare tallafin gyara ta hannun kwamitocinsu, bisa shirin da suka rubuta.

A kudancin birnin Kaduna

Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu. A kudancinsa akwai unguwanni irin su Kakuri, Makera, Barnawa, Narayi, Television, Sabon Tasha da Gonin Gora, waɗanda ke cikin ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun. Yankin ya bunƙasa ne da masana'antu: masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Rufe manyan masaƙu a shekarun 2000 ya raba dubban iyalai da albashi, rikicin 2000 da na 2002 kuma ya sa mutane da yawa suka sauya unguwa bisa addini. Duk wannan ya shafi irin ɗaliban da makarantun yankin ke samu da kuma ƙarfin iyaye wajen biyan kuɗi.

A yankin akwai tsofaffin makarantun gwamnati kamar Kwalejin Sarauniya Amina da ke Kakuri, wadda a da ake kira Queen of Apostles kafin gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970, akwai kuma makarantun kuɗi da dama, ciki har da Danbo International a Barnawa. Dukansu suna ƙarƙashin hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jihar Kaduna, wadda ke yi wa makarantun kuɗi rajista tana kuma duba su.

Makarantar da ke haɗa manhajar Najeriya da ta Birtaniya tana fuskantar buƙatu biyu a lokaci guda. Ɗalibin da zai shiga jami'a a gida yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, da kuma makin JAMB. Wanda zai fita waje yana iya buƙatar IGCSE. Sakandaren Najeriya shekara shida ce, alhali a tsarin Birtaniya ana zana IGCSE bayan shekara biyar. Cambridge na shirya jarrabawa sau biyu a shekara, a Mayu da Yuni da kuma Oktoba da Nuwamba, ta farkon kuma tana faɗowa daidai lokacin WAEC. Shi ya sa daidaita manhajojin biyu, da zaɓen ajin da za a zana kowace jarrabawa, yakan zama babi mai zaman kansa a shirin irin waɗannan makarantu.

Tsaro ma ya shiga sahun gaba. A ranar 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi a ƙaramar hukumar Chikun, watanni kaɗan bayan harin da aka kai Jami'ar Greenfield a kan hanyar Abuja. Bayan harin Bethel, hukumar tabbatar da inganci ta ba da umarnin rufe makarantu 13 da ke wuraren da ake ganin suna da haɗari. Tun daga lokacin, katanga, masu gadi, hanyar sanar da iyaye, atisayen gaggawa da makomar ɗakunan kwana sun zama abubuwan da shirin makaranta ba ya iya tsallakewa, kuma kuɗin da suke ci daga aljihu ɗaya yake fita da na littattafai da horar da malamai.

Sai batun kuɗi. Ana ƙayyade kuɗin jarrabawar waje da na tantancewa ne da kuɗin ƙetare, don haka faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara musu tsada, kamar yadda cire tallafin man fetur a shekarar ya ƙara tsadar motocin ɗaukar ɗalibai da janareta. Riƙe ƙwararrun malamai ma na da wuya, ganin Abuja na kusa kuma manyan makarantunta sun fi biya. Malamin da aka horar a zango na ɗaya yana iya tafiya kafin zango na uku, shirin da aka gina a kansa ya tsaya.

Suka da muhawara

Babbar sukar da ake yi wa tsarin ita ce yana iya zama takarda kawai, wadda ake rubutawa idan masu bincike za su zo, a mayar da ita cikin durowa bayan sun tafi. Akan kuma sami makarantu da ke kwafar shirin wata makaranta ba tare da sun duba nasu halin ba.

Suka ta biyu ita ce dogaro da makin jarrabawa. Idan adadin masu kiredit biyar ne kaɗai ma'auni, makaranta na iya hana masu rauni zana jarrabawa, ko ta karkata ga haddar tsofaffin tambayoyi, ko ma ta faɗa maguɗi. Deming da kansa ya yi gargaɗi kan ɗora wa ma'aikata adadin da dole su cim ma ba tare da an gyara hanyar aiki ba.

Ta uku ta shafi malamai. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ƙarƙashin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun gaza samun kashi 75 cikin 100, sannan ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. Masu goyon bayan matakin sun ce babu shirin da zai yi tasiri idan malami bai san abin da yake koyarwa ba. Masu adawa sun ce gyara mai ɗorewa yana buƙatar malami ya iya faɗin rauninsa ba tare da tsoron rasa aiki ba. Wannan saɓani yana nan a makarantun kuɗi ma, inda shiga ajin da shugaba ke yi don taimaka wa malami kan zama hujjar rage masa albashi ko sallamarsa.

Akwai kuma masu ganin ma'aunan da aka tsara a Turai da Amurka ba sa la'akari da harsunan gida. Makaranta na iya cika dukkan sharuɗɗan tantancewa alhali Hausa ko Gbagyi ba su da gurbi a cikin shirinta, duk da cewa manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi koyar da harsunan Najeriya.

Duba kuma

Ilimi a Najeriya
Kaduna ta Kudu
Chikun
Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma
Kwalejin Sarauniya Amina