Kujerar Dattawa da Asusun Jam'iyya: Tarihin Cinikin Sarauta a Birtaniya

A watan Yunin 1922 aka fitar da sunayen waɗanda Sarkin Ingila George na Biyar zai karrama, sai ga sunan Joseph Robinson, attajirin zinariya na Afirka ta Kudu, cikin waɗanda za a ba kujera a Majalisar Dattawa. Shekara guda kafin nan wata kotu a ƙasarsa ta umarce shi ya biya kusan fam rabin miliyan saboda ha'intar masu hannun jari a kamfaninsa na Randfontein. Majalisa ta ɗauki zafi, Sarki ya rubuta wa firaminista Lloyd George yana nuna ɓacin ransa, dole Robinson ya janye. Abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa ya fito fili: ana sayar da sarauta, kuɗin kuma yana shiga asusun siyasar firaminista. Dokar da aka yi daga baya ta haramta wannan ciniki, amma hujjojin shekaru ɗari sun nuna sigarsa mafi muni kaɗai ta hana, ta bar tushensa.

Al'adar ta girmi Lloyd George nesa ba kusa ba. A 1611 Sarki James na Ɗaya ya ƙirƙiro sarautar baronet, wadda ake gado daga uba zuwa ɗa, ya yanka mata farashi fam 1,095, wai kuɗin ciyar da sojoji talatin na shekara uku a Ulster. A lokacin baitulmalin sarki ake cikawa. Abin da ya sauya daga ƙarshen ƙarni na goma sha tara shi ne wanda yake buƙatar kuɗin. Da aka faɗaɗa 'yancin zaɓe, yaƙin neman ƙuri'a ya yi tsada, jam'iyyu suka buɗe asusun tsakiya da babu mai leƙa shi. Dokar 1918 ta kai yawan masu zaɓe sama da miliyan ashirin da ɗaya, kusan ninki uku na da. Shi kuwa Lloyd George ya hau mulki a 1916 bayan ya raba gari da Asquith, firaministan da ya gada, kuma Asquith ne ya tafi da ofishin jam'iyyar Liberal da baitulmalinta. Firaminista ne mai iko amma marar asusu, a hannunsa kuma akwai haja guda da ba ta cin ko kwabo: sunayen da yake miƙa wa Sarki.

Dillalin da ya fi shahara a harkar shi ne Maundy Gregory, tsohon ɗan wasan kwaikwayo da ya buɗe ofis a titin Parliament, kusa da fadar firaminista, ya sa wa masinjojinsa kaya irin na ma'aikatan gwamnati don mai shigowa ya ɗauka wurin hukuma ya zo. Farashin da ake ambata shi ne fam dubu goma don laƙabin "Sa", dubu talatin don baronet, dubu hamsin zuwa sama don kujerar Dattawa. Lambar daular Birtaniya da aka kafa a 1917, wadda daga cikinta ne daga baya Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa suka samu nasu laƙabin saboda aikin da suka yi, an raba ta ga dubban mutane cikin 'yan shekaru har darajarta ta fara zubewa. Badaƙalar na cikin abin da ya raunana gwamnatin haɗin gwiwa, wadda ta faɗi a Oktoban 1922. Aka kafa kwamitin tantance sunaye, sannan a 1925 aka yi dokar da ta mayar da bayarwa ko karɓar kuɗi don samo sarauta laifi.

Mutum ɗaya tak aka taɓa hukuntawa da wannan doka. A 1933 Gregory ya tunkari wani tsohon hafsan sojan ruwa da tayin laƙabi, mutumin ya kai ƙara. Gregory ya amsa laifi, aka ɗaure shi wata biyu da tarar fam hamsin, amsa laifin kuma ya hana a kira sunayen abokan cinikinsa a gaban alƙali. Ya koma Faransa, can ya mutu a 1941. Masu kare tsarin suna cewa tun da ba a sake hukunta kowa ba, dokar ta yi aiki. Abin da ya faru a 2006 ya rushe wannan hujja. An gano cewa jam'iyyar Leba ta karɓi bashin kusan fam miliyan goma sha huɗu a asirce gabanin zaɓen 2005, domin dokar 2000 ta tilasta bayyana kyauta amma ta bar bashi, kuma huɗu daga cikin masu ba da bashin firaminista Tony Blair ya sa sunansu cikin waɗanda za su shiga Majalisar Dattawa. 'Yan sanda suka shafe wata goma sha shida suna bincike, suka kama Lord Levy mai tara wa jam'iyyar kuɗi, suka yi wa Blair tambayoyi sau uku a matsayin shaida yana kan mulki. A Yulin 2007 masu gabatar da ƙara suka ce ba za a tuhumi kowa ba, kuma dalilinsu shi ne zuciyar maganar: doka na buƙatar shaidar yarjejeniya ƙarara tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, bayarwa da fatan samun sarauta ba laifi ba ne. To, attajiri da ɗan siyasa da suka san juna ba sa buƙatar yarjejeniya. Kowa ya ga abin da aka yi wa na gabansa.

Akwai wata hujja mai nauyi, wadda aka ruwaito Lloyd George da kansa ya faɗa wa ɗan siyasa J.C.C. Davidson a keɓe: sayar da laƙabi ya fi tsabta a kan sayar da manufofin gwamnati, domin wanda ya sayi suna ya karɓi hajarsa ya tafi, ba ya bin kowa bashi. Da laƙabi kaɗai ake bayarwa, da maganar ta zauna. Amma kujerar Dattawa ƙuri'a ce a majalisar dokoki, tun 1958 kuma ana bayar da ita iya tsawon rai, ba zaɓe, ba tsigewa daga talakawa. Gaskiya ne dokar 1911 ta rage wa majalisar ƙarfi, sai dai har yau tana gyara ƙudurori layi-layi, tana jinkirta su, mambobinta kuma suna ganin ministoci kullum. Sannan sayar da laƙabi bai taɓa zama katanga ga manufofi ba. A 1997 Bernie Ecclestone, mai tseren motoci na Formula One, ya ba Leba fam miliyan ɗaya, bayan zaɓe ya gana da Blair, makonni kaɗan gwamnati ta nemi a cire tseren daga haramcin tallar taba. Blair ya musanta cewa akwai alaƙa, jam'iyyar ta mayar da kuɗin. Ƙofar da aka buɗe wa kuɗi ba ta tambayar abin da suka zo nema.

Hujja ta uku ta fi samun karɓuwa a wurina, ko da yake ba ta kai inda ake so ta kai ba. Ana cewa yawancin masu ba da gudummawa mutane ne da suka yi nasara a kasuwanci, suka gina asibitoci da makarantu, kuma zalunci ne a hana mutum karramawa don ya taimaki jam'iyyar da ya yarda da ita. A kan mutum ɗaya wannan gaskiya ne, kuma bai dace a kira kowane ɗayansu mai laifi ba. Amma idan aka jera su, maganar cancanta ta kasa ɗaukar nauyin. A Nuwamban 2021 jaridar Sunday Times da kafar openDemocracy suka ba da rahoton cewa goma sha biyar cikin ma'ajin jam'iyyar Conservative goma sha shida na baya-bayan nan an yi musu tayin kujerar Dattawa, bayan kowannensu ya ba da fiye da fam miliyan uku. Ɗaya daga cikinsu, Peter Cruddas, hukumar tantance masu shiga Majalisar Dattawa ta ba da shawarar kada a naɗa shi, Boris Johnson ya yi watsi da shawarar a Disamban 2020, karo na farko da firaminista ya yi haka, kwanaki kaɗan bayan shigarsa majalisa kuma Cruddas ya ba jam'iyyar fam dubu ɗari biyar. 'Yan sandan Landan suka ce babu isasshen dalilin buɗe bincike, kuma bisa lafazin dokar 1925 ba su yi kuskure ba. Likitoci da malamai da injiniyoyi masu cancanta sun cika ƙasar, ba a ga an naɗa goma sha biyar cikin kowane goma sha shida nasu ba.

Tushen yana inda yake a 1916: hannun da ke miƙa sunaye ga Sarki shi ne hannun da ke buƙatar kuɗin zaɓe, kuma babu iyaka ga abin da mutum ɗaya zai iya ba jam'iyya. A 2011 kwamitin kula da ɗa'ar ma'aikatan gwamnati ya ba da shawarar a tsayar da gudummawar kowane mutum a fam dubu goma a shekara, a cike giɓin da kuɗin gwamnati. Conservative ta ga za ta rasa attajiranta, Leba ta ga za ta rasa kuɗin ƙungiyoyin ƙwadago, kowacce kuma tana tsoron gaya wa mai biyan haraji cewa shi zai ɗauki nauyin yaƙin zaɓe. Tattaunawar jam'iyyun ta watse a 2013 ba tare da an cimma komai ba.