ZAZZAƁIN SHAWARA: WA AKA TUNA, WA AKA MANTA?

A shekarar 1938 kamfanin MGM na Holiwud ya fitar da wani fim mai suna Yellow Jack, wanda George B. Seitz ya ba da umarni. Robert Montgomery ne jarumi, Virginia Bruce jaruma, sai Lewis Stone da ya fito a matsayin Manjo Walter Reed. An ɗauko labarin daga wasan daɓe na Sidney Howard wanda aka fara nunawa a 1934. Shi ne Howard ɗin da ya tsara labarin shahararren fim ɗin nan Gone with the Wind. Sunan fim ɗin kuwa laƙabi ne da Turawa suke yi wa zazzaɓin shawara.

Mai karatu, ka san halin 'yan fim, na can da na nan: dole sai an cusa soyayya. To, an cusa ta tsakanin wani saje da wata nas. Amma ƙashin labarin gaskiya ne, ya faru a tsibirin Kyuba. Ga abin da ya faru, kai kuma ka yi alƙalanci a kan yadda aka raba yabo.

LIKITAN DA AKA YI WA DARIYA

Zazzaɓin shawara daban yake da shawarar da muka saba gani. Yana farawa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da na baya. Idan ya yi tsanani sai hanta ta taɓu, ido ya koma ruwan ɗorawa, mutum ya riƙa aman jini baƙi ƙirin. Shekaru aru-aru likitocin Turawa sun ɗauka daga gurɓatacciyar iska ake kamuwa, ko daga tufafi da shimfiɗar majinyaci.

A ranar 14 ga Agusta, 1881, wani likita ɗan Kyuba mai suna Carlos Finlay ya tsaya gaban masana a Habana, babban birnin ƙasar, ya ce sauro ne ke ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum. Har irin sauron ya nuna, wanda a yau ake kira Aedes aegypti, mai ɗigon fari a ƙafafu, mai cizo da rana, mai ƙwai a cikin randa da tulu. Aka mai da shi abin dariya. Bawan Allah ya yi kusan shekara 20 yana kiwon sauro yana gwaji, ba wanda ya kula shi.

Bayan yaƙin Amurka da Sifen na 1898, sojojin Amurka suka zauna a Kyuba, cutar kuwa ta yi ta kwasarsu. A 1900 aka naɗa kwamitin likitoci huɗu: Walter Reed a matsayin shugaba, James Carroll, Jesse Lazear, da Aristides Agramonte, ɗan asalin Kyuba. Da sauran hanyoyi suka toshe masu, sai suka je gidan dattijo Finlay. Shi ya ba su ƙwan sauron da suka yi aiki da shi.

Matsalar ita ce, a lokacin ba a san dabbar da ke kamuwa da cutar ba. Gwaji sai a jikin ɗan'adam. A ƙarshen Agusta Carroll ya miƙa hannunsa sauro ya cije shi. Ya kwanta rai a hannun Allah, ya tashi, amma bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 1907. Wani ƙaramin soja, William Dean, shi ma ya yarda aka gwada a jikinsa, ya kamu, ya warke. Lazear ne bai tsira ba. Ya mutu ranar 25 ga Satumba, 1900, yana da shekara 34. Duk wannan ya faru Reed yana Washinton.

ƊAKUNA BIYU

Da Reed ya dawo sai ya kafa sansani a bayan garin Habana a watan Nuwamba, ya sa masa sunan Lazear. Aka gina ɗakunan katako biyu. A na farko aka jibge zannuwa da barguna da rigunan waɗanda cutar ta kashe, duk amai da jini, aka toshe duk wata kafar sauro. Mutane suka riƙa kwana 20 a ciki cikin wari. Ka san me? Ko ɗaya bai kamu ba.

Ɗaki na biyu tsaf yake, an raba shi biyu da ragar waya. A ɓangare ɗaya aka saki sauron da ya ciji marasa lafiya. John Moran ya shiga nan, ranar Kirsimeti zazzaɓi ya kayar da shi. Waɗanda suka kwana a ɗaya ɓangaren, suna shaƙar iska ɗaya da shi, lafiyarsu ƙalau. An kuma gano dalilin da ya sa gwaje-gwajen Finlay ba su gamsar ba: sai sauro ya ciji majinyaci a kwana 3 na farkon ciwo, sannan ya yi kamar kwana 12 kafin cizonsa ya zama dafi.

Su wa suka ba da jikinsu? Akwai sojojin Amurka, akwai kuma 'yan ci-rani daga Sifen da suka zo Kyuba neman abinci. An ba kowa takardar yarjejeniya da Turanci da Sifananci, wadda ta faɗa ƙarara cewa akwai haɗarin mutuwa. Tana cikin irinta na farko a tarihin likitanci. Ladan shi ne Dala 100 ta zinare, da ƙarin 100 idan mutum ya kamu. Moran da wani soja John Kissinger sun ce ba su son ko sisi. Amma kai ma ka san talakan da ya baro garinsu ba ya mayar da irin wannan kuɗi.

A sansanin Lazear ba wanda ya mutu. Sai a 1901, a wani gwajin daban a asibitin Las Animas da ke Habana, mutum uku suka rasu: 'yan Sifen biyu da wata nas Ba'amurkiya, Clara Maass, 'yar shekara 25. A wannan shekarar Manjo William Gorgas ya shiga yaƙi da sauro gida-gida, yana rufe randuna yana zuba mai a kududdufai, har cutar ta lafa a birnin. Da dabarar nan aka samu haƙa Mashigin Fanama, wanda aka buɗe a 1914.

RABON YABO

Reed ya rasu a 1902. A 1909 aka buɗe babban asibitin soja da sunansa a Washinton, an rufe shi a 2011, amma har gobe sunan na nan a kan asibitin sojan da shugabannin Amurka suke zuwa ganin likita. Shi da kansa ya amince cewa tunanin na Finlay ne, amma wannan bai hana jama'a kiransa gwarzon da ya gano sirrin sauro ba. Abin ya daɗe yana ci wa mutanen Kyuba tuwo a ƙwarya. Su ma suka tashi: ranar haihuwar Finlay, 3 ga Disamba, ta zama ranar likitoci a ƙasarsu, hukumar UNESCO kuma tana ba da kyauta da sunansa.

Clara Maass ta samu kan sarki mai hotonta a Kyuba a 1951, a Amurka a 1976, ga asibiti mai sunanta a jihar New Jersey. A 1929 Majalisar Dokokin Amurka ta ware sunaye 22 don lambar zinare da fansho. Duba jerin sunayen, ba za ka ga ɗan ci-ranin Sifen ko ɗaya ba, alhali sauro ɗaya ne ya cije su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Shi kansa sansanin an manta inda yake, sai da wani likita, Philip Hench, ya yi shekaru yana bin tsofaffin sojoji da takardu kafin ya tabbatar da wurin. A Disambar 1952 aka mai da shi dandalin tunawa.

LABARIN YA ISO GIDA

Kada ka ɗauka abin na nesa ne. Kyuba ta nuna yadda cutar ke yaɗuwa, amma ba a kama ƙwayar ba, ballantana a yi riga-kafi. Wannan a Afirka ta Yamma aka yi shi. A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta kafa ɗakin gwaje-gwaje a Yaba, Legas. A ƙarshen Yunin 1927 wani likitansu, Alexander Mahaffy, ya ɗebi jinin wani majinyaci ɗan shekara 28 a ƙasar da yau ake kira Gana. Sunansa Asibi. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, don a zangunan Gana sunan ranar Asabar ne, ɗan'uwan Asabe. Aka yi wa wani biri da aka kawo daga Indiya allurar jinin, biri ya kamu ya mutu. Daga nan aka samu ƙwayar cutar a hannu, aka kuma samu dabbar gwaji. Shi Asibi ya warke.

Aikin ya ci rayuka. Adrian Stokes, likita ɗan Ayilan, ya mutu a Legas a Satumbar 1927. Hideyo Noguchi, ɗan Japan, ya mutu a Akra ranar 21 ga Mayu, 1928, bayan 'yan kwanaki abokin aikinsa William Young ya bi shi. Noguchi ya daɗe yana cewa bakteriya ce ke jawo cutar, alhali bairos ce, wato a nan kuskure ya yi. Duk da haka Japan ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta Yen 1,000 a 2004, akwai cibiyar bincike mai sunansa a Jami'ar Gana tun 1979, akwai kuma kyauta da sunansa don masu aikin lafiya a Afirka.

Ƙwayar da aka samu a jinin Asibi ita Max Theiler da Hugh Smith suka yi ta renonta a naman ƙwan kaza a New York har ta yi laushi, ta daina kisa amma tana koya wa jiki faɗa. A 1937 suka sanar da riga-kafin da ake kira 17D. Theiler ya karɓi kyautar Nobel a 1951. Duk allurar shawara da ake yi a duniya yau daga wannan tsatso take, kuma guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Don haka in ka taɓa karɓar katin nan mai ruwan ɗorawa kafin Hajji ko Umara, ko aka yi wa jaririnka allurar wata tara, to jikanyar ƙwayar jinin Asibi ce ta shiga jikinku. A littattafan likitanci sunansa ya rage ne a matsayin sunan nau'in bairos. Allah Sarki!

Ita cutar ba ta tafi ba. Ta yi ɓarna a yankin Jos a 1969, a Binuwai a 1986, a Alƙalerin Bauchi a 2019. Har yanzu ba ta da takamaiman magani, sai riga-kafi da rufe randa da kawar da tsofaffin tayoyi.

Ka lura da abu guda a duk wannan tarihi: wanda aka tuna shi ne wanda ke da ƙasa ko marubuci a bayansa. Reed ya samu Holiwud, Finlay ya samu Kyuba, Noguchi ya samu Japan. 'Yan ci-ranin Sifen da Asibi su ne 'yan rakiya, waɗanda ko a rubutun ƙarshen fim ba a cika sa sunansu ba. To marubutanmu da furodusoshinmu, ga labari kwance, akwai tsoro, akwai sadaukarwa, akwai talauci da kuɗi, rabinsa kuma a Yaba da Akra ya faru. In ba ku ɗauka ba, wa kuke jira ya zo ya ɗaukar maku? Waƙa dai a bakin mai ita ta fi daɗi.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.