Yadda ake zaɓen batirin da ya dace da motar kat-kat ta hannu

Galibin motocin kat-kat da ke yawo a Yamai, Maradi da Damagaram na hannu ne, sun shigo ta tashoshin jirgin ruwa na Kwatano ko Lome bayan sun yi shekaru a Turai, Amurka ko Japan. Ranar da batir ya mutu, abin da aka saba shi ne a ciro shi a kai kasuwa a nemo irinsa. A nan kuskure yake farawa, domin batirin da mota ta zo da shi ba lallai ne ya zama nata na asali ba. Sau da yawa dillali ne ya saka wanda ya samu don motar ta tashi kawai. Abin dogaro shi ne littafin motar, ko lambar da kamfaninta ya ƙayyade.

Girma da gefen kawuna

Kowace nahiya da irin lambobinta. A motocin Japan ana ganin lamba kamar 80D26L ko 105D31L. Harafin D yana nuna faɗi da tsayi, 26 ko 31 tsawon batir ne a santimita, L ko R kuma gefen da kawunan suke. Idan aka juyo kawunan suna kusa da mai dubawa, a batir mai L kan da ke da alamar (+) yana hannun dama. Motocin da suka fito daga Amurka, kamar Highlander da RAV4, sukan ɗauki lamba 24F ko 35. Na Turai kuwa L2, L3 ko L5 ne. Tsawon L3 milimita 278, na L5 milimita 353.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Batirin da kawunansa suka juya yakan sa a ja waya da ƙarfi, ko a haɗa ta a baibai, nan take fiyus ya ƙone, wani lokaci har da na'urar caji da kwamfutar mota. Wanda bai cika mazauninsa ba kuma girgizar hanyar burji za ta lalata shi tun kafin lokacinsa.

Ƙarfi

Lambobi biyu ake dubawa. Ah yana nuna yawan wutar da batir ke ajiyewa, CCA kuma ƙarfin da yake bayarwa wajen tada inji, wanda ake aunawa a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Ba a irin wannan sanyi a Sahel, don haka babu dalilin ƙara kuɗi saboda CCA mai yawa, amma kada a sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, musamman a injin gazuwal. Wasu Land Cruiser masu gazuwal batir biyu ne da su. A canza su tare, iri ɗaya.

Abokin gabar batir a nan shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ruwan batir yana ƙafewa, dalmar ciki tana cinyewa. Shi ya sa batir ba ya daɗewa a nan kamar yadda yake yi a Turai.

Nau'i

Mai marafe ana iya ƙara masa tataccen ruwa, ba ruwan pampo ko na rijiya ba. Rufaffe ba a ƙara masa komai. Motar da ke kashe inji da kanta idan ta tsaya a danja tana buƙatar EFB ko AGM, kuma wadda ta zo da AGM ba a mayar da ita kan batir na gama-gari. Wasu motocin Jamus, kamar BMW X5, sai an shigar da bayanin sabon batir a kwamfutarsu. Batirin sola kuwa ba don tada inji aka ƙera shi ba.

Kafin a biya

A duba ranar ƙira, a guji wanda ya haura wata shida a kanti. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6, idan inji na aiki, awon ya kamata ya kai wajen 14. In bai kai ba, laifin na na'urar caji ne, kuma sabon batirin ma zai mutu. A karɓi rasit da takardar garanti. Wajen cirewa ana fara kwance kan (-), wajen sakawa shi ne na ƙarshe.

Tsohon batir na ɗauke da dalma da asid, kada a ajiye shi inda yara ke wasa. Masu sayarwa da dama suna karɓarsa su rage kuɗi. Mai shirin doguwar tafiya kamar ta Tawa zuwa Agadas ya auna batirinsa tun a gari, domin mota mai giya otomatik ba ta tashi da turi.