Sanƙarau ya wuce, ya bar tabo ga tsofaffinmu

Yau hirarmu ta tarihi a kan ɗan sanƙarau take, da abin da ya bari a jikin dattawanmu.

Sanƙarau tsohon baƙo ne a ƙasarmu. Tun shekara ta 1905 aka rubuta labarin babbar annobarsa a ƙasar Hausa. A shekara ta 1963 wani lokotoro Bafaranshe mai suna Lapeyssonnie ya nuna cewa cutar tana da hanyarta. Yau an san hanyar ta miƙe daga Senegal har Habasha, kuma Nijar tana tsakiya. Ciwon yana zuwa da rani, lokacin hazo da ƙura. In ruwan sama ya sauka, sai ya ja da baya.

Ƙwayar cutar tana zaune a hanci da maƙogwaro. Tari da atishawa ke kai ta ga wani. In ta shiga jini, sai ta hau fatar da ta rufe ƙwaƙwalwa. Daga nan sai zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare.

Da yawa cikinku kun ga annobar 1995, wadda ta kwantar da dubban mutane a Nijar. A 1996 da 1997 ta kama mutum wajen 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. An ƙidaya matattu, an ƙidaya waɗanda suka tashi, aka rufe littafi. To, ku yi lissafi da kanku. Wanda yake da shekara 35 a 1995, yau ya wuce 60.

Masana kiwon lafiya sun ce cikin mutum 5 da suka warke, 1 yakan tashi da lahani. Wanda ya fi yawa shi ne kurumta. Akwai farfaɗiya, da mantuwa, da raunin hannu ko ƙafa. Wani kuma jiri ke ɗibarsa, don cutar ta taɓa cikin kunne, inda jiki ke samun daidaito. Da ƙuruciya mutum yana ɓoye wannan, ya yi nomansa, ya ci kasuwarsa. Tsufa ne ke tona shi. Kunnen da ya rage sai ya ƙara toshewa. Jirin da saurayi ke jurewa, shi ke kada tsoho a bakin rijiya.

Ku duba abin da kurumta ke yi wa zuciya. Dattijo ya je dandali, ana hira ana dariya, shi bai ji ba. Ya yi tambaya, aka amsa masa da tsawa. Gobe sai ya zauna gida. Kwana ya yi kwana, ya daina magana, abinci ya fita ransa. Mu kuma sai mu ce tsufa ne, ko mu ce ya ruɗe. A ganina nan muke zaluntarsu. Binciken zamanin nan ya nuna rashin ji da kaɗaici suna ƙara baƙin ciki da mantuwa ga tsoho.

Akwai kuma waɗanda ciwon bai kama ba, amma ya ɗauke musu ƴaƴa, gama yara da matasa ya fi ci. Uwar da ta binne ɗanta a 1995, yau ta tsufa babu mai kawo mata damin hatsinsa. Irinta in jika ya ce kansa na ciwo da bazara, ba ta barci.

A watan Disamba na 2010 aka soma sabuwar lamba a Nijar, da Mali, da Burkina Faso. Ta karya irin ƙwayar da ta yi ɓarnar 1995. An yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Amma a 2015 wani iri dabam ya ɓulla a Yamai da Doso. Ita lamba tana tsare mai lafiya, ba ta mayar da kunnen da ya mutu.

In kuna da irin wannan dattijo a gida, ku tsaya gabansa ya ga bakinku, ku yi magana sannu, ban da tsawa. In farfaɗiya gare shi, kada ku guje shi, ba a ɗaukarta a yawu ko a ƙwarya. Ku kai shi likita, akwai maganin da ke rage faɗuwa. Ku gaya wa lokotoro shekarar da ya yi sanƙarau.