Kunyar Ɗan Fari: Me Kimiyya Ta Gano Game da Shaƙuwar Jariri?

A tsofaffin gidajen cikin badalar Kano, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma yi masa wasa a gaban manya. Kunyar ɗan fari ke nan. To, wannan kawaicin yana cutar da jariri ne?

Tambayar tana da tarihi. A 1951, John Bowlby, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan yaran da aka raba da iyayensu. Ya ce jariri na buƙatar ƙauna da kulawa marasa yankewa daga uwarsa, ko wadda ta tsaya a madadinta. Daga 1954 zuwa 1955 kuma, Mary Ainsworth ta bibiyi jarirai a Yuganda. Ta lura yaro kan yi rarrafe ya tafi wasa, in ya tsorata ya dawo jikin uwarsa, ya natsu, ya sake fita. Wannan ita ce alamar shaƙuwa mai lafiya.

Da wannan ma'auni, baƙo zai ɗauka ɗan farin Bahaushiya ya shiga uku. Sai aka zo aka duba. A 1977, Robert Marvin da abokan aikinsa, ciki har da Robert da Sarah LeVine, suka wallafa binciken jarirai 18 a wani garin ƙasar Hausa. Sun tarar kowane jariri yana da masu raino kusan huɗu, kuma yakan shaƙu da fiye da mutum ɗaya. Wadda ya fi gudu wurinta ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da kula shi, ko da ba ita ke ba shi nono ba.

Ba a Kano aka yi wannan binciken ba, amma tsarin gidan iri ɗaya ne. A shekarun 1970 ɗin, Enid Schildkrout ta yi nazarin rayuwar yara a cikin birnin Kano, ta nuna yadda matan kulle suka dogara da yara wajen aike da talla da raino. Ga kaka, ga gwaggo, ga kishiya, ga yaya mai goyo. In uwa ta kawar da kai, akwai mai yi wa jariri wasa nan take.

Ka ga ashe kunya ba ita kaɗai take tafiya ba, gidan gandu ne ke tallafe da ita. Yau amarya kan tare a Hotoro ko Rijiyar Zaki, daga ita sai mijinta. In aka ɗauko kunyar aka baro kaka a cikin gari, wa zai amsa gwalantun jaririn? A irin wannan gida, kallon ido da hira da rarrashi sun dawo wuyan uwa da uba.